Bana, Kwali da Fuskar Waya: Yadda Wani Shagon Gem a Katsina Yake Nuna Hajarsa

Sana'ata ɗab'i ce. Na daɗe ina buga katin biki da kalanda da banar makarantu a cikin birnin Katsina, har idona ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: duk allon da na gifta sai na auna shi, in ga ko rubutunsa yana karantuwa, ko kalarsa ta zauna, ko kuwa an cushe shi da tarkace. Wannan hali ne ya biyo ni cikin wani shagon gem da ke wajejen Ƙofar Ƙaura, ranar da na raka ɗan ƙanwata, wanda na yi wa alkawarin sabon wasa idan ya yi abin kirki a jarrabawa. Shi ya je neman abin da zai buga, ni kuma na ɓuge da kallon hotuna. Na sake komawa sau biyu ni kaɗai, ɗaya da rana tsaka, ɗaya bayan magariba, kuma abin da na gani a ziyarorin nan uku shi ne zan bayyana a nan.

Shagon ba gidan gem ba ne irin wanda yara ke biya su zauna su buga ƙwallo. Yana sayar da PlayStation sababbi da na hannu, da hannun gem, da faifai, sannan yana loda wasanni a kan na'ura da kwamfuta da waya. Akwai talabijin biyu na gwaji, akwai sola, kuma mai shagon matashi ne mai fara'a wanda ya san kayansa ciki da bai. Ban da ƙorafi a kan tarbar da ya yi mana. Abin da na tsaya a kai shi ne hotunan da yake tallata haja da su, domin a wannan kasuwa hoto ne kaɗai abin da mai saye yake da shi kafin ya ba da kuɗi. Mai sayen shadda yana murza ta a hannu, mai sayen kilishi ana ba shi ɗanɗano, amma mai sayen gem ba ya sanin abin da ya saya sai an loda, wani lokaci bayan sa'o'i, kuma wasu wasannin zamani suna haura gigabait 100. Idan hoton ya ɓatar da shi, asarar ta haɗa da kuɗi da data da lokaci da ran yaro.

Banar da ke ƙofa ita ce ta fara tarbata, kuma ita ce mafi rauni a duk abin da shagon ya mallaka. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya a kanta, ban da mota da jirgi mai saukar ungulu. Ga Ronaldo, ga Messi, ga Victor Osimhen sanye da rigar Napoli duk da cewa tun 2024 ya koma Galatasaray, ga Kratos na wasan God of War da gatarinsa, ga Scorpion na Mortal Kombat, ga wani soja da ya rufe fuska, kowa yana jingine da kafaɗar ɗan'uwansa, kuma dukkansu girmansu ɗaya, ta yadda ido bai san wanda zai fara gaisarwa ba. An rubuta sunan shagon da haruffa masu kama da harshen wuta, ruwan lemo a kan ja, an kuma jera lambobin waya uku a ƙasa da rubutun da sai ka zo dab da shi. Wanda ke wucewa a kan babur ko cikin Keke Napep bai wuce ya samu daƙiƙa biyu ko uku ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci abin da zai ɗauka shi ne akwai wani abu mai kala a wurin. Zai iya zama gidan kallon ƙwallo, zai iya zama shagon aski.

Akwai kuma matsalar aiki, wadda a nan ne nake da bakin magana. An ɗauko yawancin hotunan ne ƙanana daga intanet aka ja su da ƙarfi don su cika mita huɗu, shi ya sa fuskar Messi ta farfashe gida-gida kamar saƙar tabarma. Shagon yana fuskantar yamma, rana tana dukan banar tun daga azahar har ta faɗi, kuma duk mai aikin ɗab'i ya san ja da rawaya su ne ke fara mutuwa a rana, shuɗi ya rage shi kaɗai. Sunan shagon, da yake da irin waɗannan kaloli aka rubuta shi, shi ne ya fara dushewa, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa abin da rana ta bari. Ban ɗora laifin duka a kan wanda ya buga ba, domin na san yadda ake yi da mu: mai aiki zai tsaya a kanka ya ce kuɗinsa ya biya, kada ka bar masa fili ko na tafin hannu. Da na tambayi mai shagon yadda aka yi ta cika haka, dariya ya yi ya ce, "Malam, kowane abokina da ya zo sai ya ce a sa masa nasa."

Da na shiga ciki sai lamarin ya canza. Bangon dama cike yake da kwalayen faifai, kuma kafin mutum ya karanta komai ya riga ya san na wace na'ura yake kallo, saboda ɗan zanen da ke saman kowane kwali: shuɗi na PlayStation 4 wadda ta fito a 2013, fari na PlayStation 5 ta 2020, kore na Xbox, ja na Nintendo Switch. Mai shagon ya jera su bisa wannan tsari bai gauraya ba, kuma wannan kaɗai ya hana kuskuren da ya fi yawa, wato uba ya sayo faifan da ba ya shiga na'urar da ke gida. Ban san wata dabara a harkar zane da ta fi wannan arha da amfani ba.

Daga bakin ƙofa, kwali ɗaya ne ya kira ni da suna. Spider-Man na 2018 ne: bayan hoton ja ne zalla, mutum ɗaya yana lilo a tsakiya, farin gizo-gizo a ƙirjinsa, suna da farin rubutu. Babu gari, babu abokan gaba, babu wuta tana tashi. Yaron da bai fara makaranta ba zai gane shi, kuma ko an ƙanƙantar da shi ya koma girman kan sarki na wasiƙa ba zai ɓace ba. Kusa da shi akwai Red Dead Redemption 2, shi ma na 2018, wanda ya tsaya a kan ja da rawaya da baƙi: mutum da malafa yana nuna bindiga, mahaya dawakai a ƙasa kamar inuwa a gaban faɗuwar rana. Ɗan ƙanwata bai san komai game da yammacin Amurka na wancan zamani ba, amma da ya gan shi ya ce, "Kawu, wannan na dawaki ne da harbi." Hoton da ya sa yaro ya faɗi abin da ke cikin faifai daidai ba tare da ya karanta ba, ya gama aikinsa.

God of War na shekarar ya fi waɗannan kyau a idona, duk da bai kai su tsawa daga nesa ba. Kratos ne da ɗansa a cikin kwalekwale, kalar kuma sanyi-sanyi, shuɗi da toka. Wanda ya buga tsofaffin wasannin a PlayStation 2, inda kwalayen ke cike da fushi da jini, zai gane nan take cewa labarin ya sauya, ya koma na uba da ɗa. Wannan shi ne irin hoton da nake girmamawa: bai yi ƙarya ba, bai yi ihu ba, kuma ya faɗi wani abu da sunan wasan bai faɗa ba. Aibinsa ɗaya a wannan shago shi ne fitilar da ke saman kantar ba ta kai gare shi sosai, ga ledar da aka naɗe shi da ita tana ƙyalli, saboda haka da magariba ya zama toka-toka kawai.

Ƙwallo ita ce jarin shagon, kamar yadda take a duk wani shagon gem a Katsina, kuma kwalayenta suna da wata matsala ta daban. Ba wanda zai yi kuskuren irin wasan, tun da ga ɗan wasa ga riga. Abin da ke ɓacewa shi ne shekara. Kylian Mbappé ne a fuskar FIFA 21 da FIFA 22 da FIFA 23, shekara uku a jere, kuma duk a lokacin yana Paris Saint-Germain, saboda haka dattijon da aka aiko aka ce masa "mai hoton Mbappé" yana da hanya uku ta komawa gida da abin da ba a so. Sannan a 2023 kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA ya koma EA Sports FC, inda Erling Haaland ya hau fuskar FC 24, Jude Bellingham ya biyo a FC 25. Yaranmu har gobe FIFA suke cewa, kamar yadda suke kiran eFootball da PES duk da Konami ya sauya sunan tun 2021. Wanda bai bibiyi lamarin ba zai ɗauka FC wani wasa ne na daban, ko ma jabu. Mai shagon ya magance wannan da alƙalamin maka: ya manna farar takarda a kan kowane kwali ya rubuta shekarar da manyan lambobi. Ba kyau gare ta ba, amma tana aiki.

Ya nuna mini kuma hoton bugu na musamman na FC 24, wanda aka tara 'yan wasa sama da 30 a cikinsa, tsofaffi da na yanzu, maza da mata, kowa da fuskarsa ta cikin gem. Lokacin da aka fitar da shi mutane sun yi ta yi masa dariya saboda yadda wasu fuskokin suka fito kamar 'yar tsana. Na ce masa, "To, ƙanena, ga banarka nan, sai dai su sun fi ka kuɗi." Cutar ɗaya ce, ta son a sa kowa don kada a ɓata wa kowa.

Amma kada a ɗauka cika hoto laifi ne a kowane hali, domin kwalin wasan GTA na nan ya ƙaryata hakan. Tun daga GTA III na 2001 kamfanin Rockstar ya riƙe salo guda: a raba fuskar kwali gida-gida da baƙaƙen layuka, kowane gida da abin da ke cikinsa, mota a nan, babur a can, jirgi mai saukar ungulu a kusurwar sama, sunan kuma ya zauna a tsakiya da farin rubutu mai kauri. San Andreas na 2004, wanda samarinmu da yawa suka tashi da shi, da GTA V na 2013, duk haka suke. Abubuwan da ke kansu sun kai yawan na banar ƙofa, bambancin shi ne kowa yana ɗakinsa, kamar gidan gandu mai tsari, kuma hannu ɗaya ne ya zana su da kala iri ɗaya. Ido yana sauka a kan suna, sannan ya zaga. Mai shagon ya manna takardar farashi a kan wani gida guda da hotonsa bai dace da kasuwarmu ba, abin da na ga hikima ce, ko da yake rufe hoton bai canza abin da ke cikin faifan ba.

Layin da ya fi gundurata shi ne na wasannin yaƙi. Na tsaya a gaban kwalaye bakwai ko takwas, kuma da za a rufe sunayensu da ba zan iya rarrabe su ba: namiji ɗaya, ya sunkuyar da kai, bindiga a hannu, hayaƙi a bayansa, kalar duka baƙi da toka da ɗan ruwan lemo. Kamfanonin sun san abin da suke yi. Lokacin da za a fitar da BioShock Infinite a 2013, masoya wasan sun koka cewa an ba shi irin wannan fuska alhali labarinsa na wani birni ne da ke shawagi a sararin sama, kuma jagoran aikin, Ken Levine, ya amsa cewa an yi hoton ne don jawo waɗanda ba sa bibiyar labarin gem. Daga baya aka ba jama'a zaɓin wani zane da aka buga a bayan takardar, wanda mai so zai juya. Dabarar tana iya yin aiki ga kwali ɗaya, amma idan takwas suka jeru a kanta guda kowa da bindigarsa, sai su haɗiye juna.

Yanzu ga abin da na fi jin haushinsa, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Faifan da ke shigowa nan suna zuwa ne daga Turai da Amurka, kuma kowane yana ɗauke da alamar shekarun da suka dace a kusurwar ƙasa ta hagu. Na Turai suna bin tsarin PEGI, wanda aka fara a 2003, mai lambobi 3 da 7 a kore, 12 da 16 a ruwan lemo, 18 a ja. Na Amurka suna bin ESRB, wanda aka kafa a 1994, mai amfani da haruffa: E na kowa, T na matasa, M na ɗan shekara 17 zuwa sama. Ga uban da ba ya buga gem, wannan ɗan murabba'i shi ne bayani mafi muhimmanci a duk fuskar kwalin. To, a daidai wannan kusurwa ce yaron shagon yake manna takardar farashi, saboda a ganinsa nan ne ba ta ɓata hoto. Mortal Kombat, wanda tun 1992 aka san shi da zubar da jini, na ɗauke shi na ga farashi a inda ya kamata in ga ja. Ban ga alamar da gangan aka yi ba, kuma da na nuna, mai shagon ya karɓa da hannu biyu. A ziyarata ta uku an matsar da wasu, wasu kuma suna nan yadda suke.

Akwai kuma faifan hannu da suka zo ba kwali, waɗanda shagon ke buga wa fuska da kansa a kan farar takarda. Tawadar ta yi laushi, wannan ba komai ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauko hoton wasa na sabuwar na'ura a manna a kan faifan tsohuwa, ta yadda yaro zai ga gumi a goshin ɗan wasa a kan takarda, ya je gida ya tarar da fuska kamar an sassaƙa ta da gizago.

Masu kwamfuta ba kwali suke gani ba. Mai shagon yana buɗe musu jerin wasanni a allo, kuma hotunan da ke jerin na Steam ne, kasuwar intanet da kamfanin Valve ya buɗe a 2003. A can gasar ta fi ta kowace kanta tsanani, domin a 2023 kaɗai an fitar da wasanni sama da 14,000, kuma kowane yana samun ɗan fili ne a cikin jeri. Ƙaramin hoton da ke fitowa idan ana bincike ya daɗe yana kan fiksel (wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 231 a 87, babban na shafin wasa kuma 460 a 215, kafin a ninka ma'aunin a 2024 saboda allunan zamani. Ninkawar ta ƙara tsabta ne kawai, filin da ido ke gani bai wuce na akwatin ashana ba. A irin wannan fili, rubutu mai lanƙwasa da siririn layi ya mutu, kuma hoton da aka zana don ya cika bango yana komawa tabo. Na zauna na bi jerin da mai shagon, kuma waɗanda na iya karantawa ba tare da na matso ba duk halinsu ɗaya: suna mai kauri da ya ci kusan rabin fili, abu ɗaya a gefe, bayan hoto kuma ba hayaniya.

Daga 1 ga Satumba 2022, Valve ya hana sa makin yabo da tambarin lambobin girma da sanarwar ragi a kan waɗannan hotuna, ya ce zane da sunan wasa kawai ake so, saboda masu wasanni sun cika su da ado har sunan ba ya karantuwa, kuma yawancin rubutun da Turanci ne alhali masu saye na duniya ne. Wannan dalili na biyu ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ke Sabuwar Unguwa a nan Katsina bai san jaridar da ta ba wasa tara cikin goma ba, bai kuma damu da ganyen da aka zagaye lambar yabo da shi ba. A ganina wannan doka ta fi yi wa irinsa amfani fiye da waɗanda aka yi ta dominsu, kuma da ina da iko da na ɗora wa masu kawo mini aikin bana irinta.

Sai waya, inda mafi yawan abokan cinikin shagon suke, kuma inda hoto ya fi ƙanƙanta ya kuma fi ƙarya. Google Play yana karɓar tambarin wasa a fiksel 512 a 512, amma a kan waya bai fi farcen babban yatsa ba. Masu zane sun gano cewa fuska ce ke kama ido a wannan girma, shi ya sa tun bayan Clash of Clans na 2012 kasuwar ta cika da kawunan mayaƙa da suka wage baki suna ihu, wani ya kalli dama wani hagu, har ba a sanin na asali da na kwaikwayo. Subway Surfers da Candy Crush, su ma na 2012, sun fi sauƙin ganewa, domin kalarsu tana da haske kuma ba sa kama da maƙwabtansu. Na yi wani ɗan gwaji da nake ba duk mai zane shawarar ya yi: na fita bakin titi da rana tsaka, na rage hasken wayar kamar yadda mai tattalin caji yake yi, na duba jerin. Duk tambarin da aka yi da duhu a kan duhu ya ɓace ɗungurungum. Wanda ya zana shi a ɗaki mai sanyi da babban allo bai taɓa tunanin ranar Katsina ta watan Afrilu ba.

Batun ƙarya kuwa ba zargi ba ne kawai. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallan Homescapes da Gardenscapes, waɗanda ke nuna ana zare ƙusa don ceto mutum daga ruwa ko wuta, bisa dalilin cewa ba su wakilci ainihin yadda ake buga wasan ba. Ɗan ƙanwata ma ya taɓa faɗawa irin wannan rami da wani wasan tsere da ba zan ambaci sunansa ba: hoton ya nuna mota tana sheƙi a kan titi mai ruwa, ya ƙarar da datar mahaifiyarsa wajen saukewa, ya buɗe ya tarar da akwatuna masu taya da talla bayan kowane zagaye. A nan ne shagon ya ci babban maki a wurina. Kafin ya loda wa kowa wasa, mai shagon yana kunna shi a tasa wayar ko a talabijin ya miƙa hannun gem, ya ce a buga na minti biyu a gani. Na ga ya yi wa wani yaro haka, yaron ya fasa, ya zaɓi wani mai arha, kuma bai ɓata fuska ba.

Abu mafi amfani da na gani a shagon gaba ɗaya ba wani kamfani ne ya zana shi ba. Wasu 'yan kwalaye ne da aka yanka aka manna a bakin kowace kanta, an rubuta da hannu: Ƙwallo, Faɗa, Mota, Yaƙi, Na Yara. Ba kwalin faifai ɗaya a shagon da ke da kalmar Hausa a kansa, kuma iyaye da yawa da ke shigowa ba su da alaƙa da sunayen da ke kan faifan, amma waɗannan kalmomi biyar suna kai kowa inda yake so ba tare da ya ji kunyar tambaya ba. Na ga wata baiwar Allah ta shigo da 'ya'yanta biyu, ta wuce kai tsaye kantar ƙarshe, ta ɗauko ɗaya ta tambayi kuɗinsa. Da za a ƙara shekaru a ƙarƙashin kowace kalma, a kuma rubuta su da hannu mai kyau, da ba ni da sauran magana a wannan fanni.

Hukuncina a kan shagon ya rabu biyu. Wanda ya riga ya san abin da yake nema zai ji daɗinsa, wanda bai sani ba kuma zai samu mai yi masa jagora da gaskiya, abin da ba a ko'ina ake samu ba. Amma fuskar da yake nuna wa titi ba ta dace da cikinsa ba, takardun farashi suna rufe abin da iyaye suka fi bukatar gani, hotunan da yake bugawa da kansa suna yin alkawarin da faifan ba zai cika ba, kuma hasken kantocin yana bukatar ƙarin fitila ɗaya ko biyu. Ina ba iyaye shawarar su je da kansu, su ɗaga takardar farashi su duba kusurwar hagu, su kuma nemi a kunna wasan kafin su biya.

Ɗan ƙanwata, bayan ya zagaya kantoci sau uku, ya koma kan jan kwalin da ya fara gani daga ƙofa. Na duba kusurwar na ga 16 a ruwan lemo, shi kuma bai cika sha uku ba, saboda haka muka yi ta ja-in-ja har muka daidaita a kan ƙwallo, wadda ke ɗauke da 3 a kore. Mai shagon kuma ya ce idan kasuwa ta yi kyau bayan Sallah zai kawo mini aikin sabuwar bana. Na gaya masa sharaɗina tun yanzu: baƙin fili, hannun gem guda ɗaya, kalmar GEM da farin rubutu, da lambar waya ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ba za a iya samar wa Ronaldo ɗan wuri a gefe ba.